Maƙwabcin Gonar Feshi: Yadda Za Ka Kare Iyalinka Daga Gubar Maganin Ƙwari

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila kai ba manomi ba ne, ba ka kuma taɓa goya famfon feshi ba. Amma in gidanka, ko makarantar 'ya'yanka, ko wurin sana'arka yana kusa da lambu ko gonar da ake fesa wa magani, to wannan darasi naka ne. Maganin feshi bai san iyakar gona ba. Iska tana kwashe shi, ruwa yana tafiya da shi, yana bin tufafi da ganyen miya da tsohuwar jarka har ya shigo tsakar gida. In ka san hanyoyin da yake bi, za ka iya toshe su. In ka san alamunsa a jikin mutum, za ka iya ceton rai.

Ka karanta a hankali, sa'an nan ka karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Ina gonakin suke?

Wanda ya san Nima da Maamobi zai ce, "Ina aka ga gona a wannan cunkoso?" Gaskiya ne, babu fili a cikin unguwa. Amma fita kaɗan za ka tarar da lambuna: a Dzorwulu ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, a Roman Ridge, a wajajen filin jirgin sama, a bakin rafuka da manyan kwatoci, har Korle Bu da La. Kowane mai lambu ɗan fili gare shi, amma in aka haɗa su sai ka ga shimfiɗar latas da kabeji da albasa mai ganye da tattasai ta yi nisa. Da yawa daga masu noman nan 'yan Arewa ne da mutanen Burkina Faso, kuma a zango suke kwana. Da yamma sukan dawo gida da kayan aikinsu.

A bayan birnin Ankara kuma akwai manyan gonaki: noman rani na Ashaiman da Dawhenya da Weija, shinkafa da ayaba a wajajen Asutsuare, abarba a ƙasar Nsawam. Mutanen zango suna aiki a can, wasu ma sun yi gida a gefen gonakin. Akwai kuma masu komawa gida da damina, ko masu tura yara hutu zuwa Bawku, Bolga, Tamale, Techiman, ko ƙauyukan koko. Tun 2001 gwamnatin Gana take yin feshin gayya a gonakin koko. Tun 2016 kuma, da tsutsar nan mai cinye masara ta shigo ƙasa, feshi ya ƙaru a gonakin masara. Saboda haka maganar nan ta shafi ɗan birni, ta shafi ɗan ƙauye.

Maganin feshi guba ne

Muna ce masa "magani", amma an yi shi ne domin ya kashe. Abin da ya kashe tsutsa zai iya cutar da mutum. Manomi yana bukatarsa, ba laifi ba ne ya yi amfani da shi bisa ƙa'ida. Laifin yana wajen ganganci da rashin sani.

Ga manyan irinsa da za ka gamu da su a kantin kayan gona:

- Maganin ƙwari mai taɓa jijiya. A jikin kwalba za ka ga an rubuta Chlorpyrifos, ko Dimethoate, ko Carbofuran. Manoma sun fi sanin sunayen kasuwa kamar Dursban da Furadan. Irin wannan yana rikita saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai jiki ya cika da yawu da majina da gumi, numfashi ya gagara.
- Maganin ƙwari mai sa fata zafi, kamar Karate. Yana sa fuska ta yi raɗaɗi kamar an shafa barkono, ya sa atishawa da tari. Yana tayar wa mai asma ciwonsa.
- Maganin ciyawa, kamar Gramoxone da Roundup. Gramoxone yana ɗauke da Paraquat. Kurɓa ɗaya na iya kashe babban mutum, kuma ba shi da makari.
- Ƙwayar ajiyar hatsi, wadda ake sa wa cikin buhunan masara da wake. Sunan gubar da ke cikinta Aluminium Phosphide. In ta sha danshi sai ta saki iska mai kisa, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi.

Dubi gindin takardar da ke manne a kwalbar. Akwai zane mai launi. Ja na nufin guba mai tsanani ƙwarai. Rawaya na biye da shi. Shuɗi haɗarinsa bai kai na rawaya ba. Kore shi ne mafi sauƙi. Ko wanda bai iya karatu ba zai gane launi. Amma kada ka ɗauka kore ba shi da illa. Babu maganin feshin da ya dace da bakin yaro.

Hanyoyi biyar da guba ke shigowa gidanka

1. Iska. Ba duk abin da ya fita daga bakin famfo yake sauka kan ganye ba. Ƙananan ɗigo suna tashi su bi iska. In ana feshi da tsakar rana, zafi yakan mai da wani kashi tururi, ya ci gaba da tashi bayan mai feshi ya tafi gida. A Ankara iskar teku takan yi ƙarfi da rana zuwa la'asar. Da hunturu kuma ƙura tana kwaso abin da ya bushe a ƙasa. In ka ji warin magani a tsakar gidanka, to ka riga ka shaƙe shi. Wasu kuwa ba su da wari sosai, saboda haka rashin wari ba shaida ba ne cewa babu komai. Abin da iska ta kawo yana sauka kan shanyar tufafi, da garin da aka baza, da kifi ko barkonon da aka shanya, da tukunyar da aka bari a buɗe.

2. Ruwa. In ruwan sama ya sauko bayan feshi, yakan wanke maganin zuwa kwata da rafi da rijiyar da ba ta da murfi. Masu feshi da yawa a bakin rafin suke wanke famfo. Yaran da ke wasa a ƙasan wurin, da matan da ke wanki, da dabbobin da ke sha, duk sun samu rabonsu. Ka lura da wannan: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da gubar feshi. Haka alif, yana kwantar da laka ne kawai.

3. Abinci. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a cire amfani. An rubuta su a jikin kwalba. Wani kwana 3, wani 7, wani 14 ko fiye. Idan mai saye ta zo da kuɗi a hannu, wani manomi ba ya jira. A 2006 masana suka buga sakamakon gwajin kayan lambu daga kasuwannin Ankara da Kumasi da Tamale. Sun sami Chlorpyrifos a kashi 78 cikin 100 na latas ɗin da suka gwada. Sun sami DDT a kashi 33, alhali tun 1985 Gana ta hana amfani da shi a gona. Wannan latas ɗin shi ne ake yankawa a kan wake da shinkafa da soyayyar shinkafar bakin titi.

4. Jikin mai aiki da tufafinsa. Maigida ya dawo daga lambu, riga ta jiƙe da magani a baya inda famfo ke yoyo. Ya ɗauki jariri, ya zauna kan tabarma, ya rataye rigar a ɗaki. Gobe uwargida ta haɗa ta da kayan yara ta wanke da hannu. Da haka gidan da ke nesa da gona ya zama maƙwabcin gona.

5. Kwalba da jarka. Wannan ita ce hanya mafi kisa. A gidan haya inda iyali duka ke ɗaki ɗaya, ana ajiye maganin a ƙarƙashin gado ko kusa da buhun gari. Wasu masu sayarwa suna ɗura shi cikin robar lemo ko ta ruwan sha su sayar kaɗan-kaɗan, ba takarda, ba suna. Yaro mai ƙishirwa ba zai bambanta ba. Jarkar da ta ƙare kuma sai a ɗauraye a zuba ruwa ko manja ko gishiri. Roba tana shan magani, sabulu ba ya fitar da shi duka.

A ƙarshen 2010 manoma 15 suka rasu a jihar Upper East, wato ƙasar Bolga da Bawku. Wani rahoto da ya fito a 2012 ya ce ana kyautata zaton gubar feshi ce, kuma yawancinsu saboda an ajiye magani kusa da abinci ne har ya tsiyaya ciki. A watan Afrilu na 2018 kuma, a unguwar Abavana, nan kusa da Maamobi, yara uku 'yan ɗaki ɗaya suka rasu, tagwaye 'yan wata 9 da na gaba da su mai shekara 2. An sa ƙwayar ajiyar hatsi ne a ɗaki domin kashe kyankyaso. Iyayen ba su yi da mugun nufi ba. Ba su san abin da suka saya ba ne. Maganin gona ba na ɗakin kwana ba ne, ko don kuɗin cizo, ko ɓera, ko ƙwarƙwata a kan yaro.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Na farko yara ƙanana. Jikinsu ƙarami ne, suna numfashi da sauri, suna rarrafe a ƙasa, komai suka ɗauka sai baki. Ƙwaƙwalwarsu kuma tana kan ginuwa.

Na biyu mata masu ciki da masu shayarwa. Wasu magungunan suna ratsa mahaifa su kai ga ɗan tayi, wasu suna fita a nono. Wannan ba dalilin daina shayarwa ba ne. Nonon uwa shi ne mafi alheri ga jariri. Abin yi shi ne a nisanta uwar daga feshi.

Na uku tsofaffi, da masu asma, da masu ciwon zuciya ko hanta ko ƙoda.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

A gundumar Kasaragod ta ƙasar Indiya an yi fiye da shekara 20 ana fesa wani magani mai suna Endosulfan daga jirgin sama kan gonakin kashu. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye ba su ne masu feshin ba. Amma likitocin wurin suka ga ana yawan haihuwar yara da nakasa, da farfaɗiya, da rashin girman hankali. A 2011 kotun ƙolin Indiya ta hana maganin, a shekarar kuma aka sa shi cikin jerin gubobin da ƙasashen duniya suka yarda a daina. An daɗe ana sayar da shi a Gana da sunan Thiodan.

A kwarin Salinas na jihar Kalifoniya a Amurka, inda ake noman latas a manyan gonaki, masana sun fara bin mata masu ciki wajen 600 tun 1999. Da yaran suka kai shekara 7 aka gwada kaifin ƙwaƙwalwarsu. 'Ya'yan matan da aka fi samun maganin ƙwari a jikinsu lokacin ciki sun gaza 'ya'yan matan da aka fi samun ƙarancinsa a jikinsu da maki wajen 7. Daga 2018 jihar ta hana wasu irin feshi a cikin tazarar mita 400 daga makaranta a ranakun karatu, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma. Tarayyar Turai ta hana Paraquat a 2007, ta hana Chlorpyrifos a 2020. Faransa kuma tun 2012 ta amince cewa ciwon makyarkyatar jiki na manya yana iya samun manomi saboda daɗewa cikin aikin feshi.

Darasin shi ne: akwai illar da ke bayyana nan take, akwai kuma wadda ke taruwa kaɗan-kaɗan, sai bayan shekaru a gan ta. Rashin faɗuwa yau ba ya nufin jiki bai karɓa ba.

Alamun guba a jiki

Alamu masu sauƙi: ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, ƙaiƙayin ido da hawaye, zafin maƙogwaro, tari, ƙuraje ko raɗaɗin fata.

Alamu masu tsanani, waɗanda ke bukatar asibiti nan da nan:

- yawu na dalala, gumi kamar an watsa ruwa
- amai da gudawa da murɗawar ciki
- baƙin tsakiyar ido ya tsuke ya zama kamar kan allura, gani ya dushe
- tsoka na motsi da kanta, jiki na rawa
- ƙirji na ƙara, numfashi na wuya, kumfa a baki
- ruɗewa, jijjiga, ko suma
- gyambo a baki da harshe bayan shan maganin ciyawa

Da yawa daga alamun nan suna kama da zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa wani yakan sayi maganin zazzaɓi a kemis ya kwanta, lokaci na wucewa. Ka tambayi kanka abu uku. An yi feshi kusa da mu jiya ko yau? Mutum nawa ne a gidan suka kamu a lokaci ɗaya? Kaji ko awaki ko kifin rafi sun mutu? Ruwa ba ya tsami banza. In amsar ɗaya ta zama i, ka gaya wa likita da bakinka. Likita ba zai san an yi feshi a bayan gidanka ba sai ka faɗa.

Ka kiyaye da Paraquat musamman. Wanda ya sha shi yakan ji sauƙi bayan kwana ɗaya ko biyu, a ce ya warke. Bayan wasu kwanaki sai huhu da ƙoda su gaza. Ko da ya ce ya tofar, a kai shi asibiti a ranar.

Taimakon farko

1. Kare kanka tukuna. Sa safar hannu, in babu ka zura hannunka cikin leda. In ɗaki ne mai warin guba, buɗe ƙofa da taga, kada ka daɗe a ciki.
2. Fitar da mutumin zuwa inda iska mai kyau take.
3. Cire masa tufafin da magani ya taɓa, ka ƙulle su cikin leda.
4. Wanke fata da gashi da ƙarƙashin farce da sabulu da ruwa mai yawa. Kada ka goge da ƙarfi.
5. In ya shiga ido, a buɗe idon a riƙa zuba ruwa mai tsabta a hankali har minti 15. Kada ruwan ya gangara cikin ɗaya idon.
6. In ya sha ne, kada a sa shi amai. Kada a ɗura masa manja, ko madara, ko ɗanyen ƙwai, ko ruwan gishiri, ko jiƙo. Mai da madara ba sa kashe guba. Aman dole kuwa yana iya tura ta cikin huhu.
7. In ya suma, kwantar da shi ta gefe, kai ya ɗan yi ƙasa, domin yawu da amai su fita. Kada a ba shi komai ta baki. In yana jijjiga, kada a cusa masa cokali, a kawar da abin da zai ji masa ciwo kawai.
8. Ɗauki kwalbar ko takardarta cikin leda, ko ka ɗauki hotonta da waya, ka tafi da ita asibiti.

Kira 112 domin motar asibiti. In za ta daɗe, ɗauki tasi. Kada a tsaya jiran maigida ya dawo ko a haɗa kuɗi. Ga mutanen Nima da Maamobi, Babban Asibitin Maamobi da Asibitin Soja na 37 da Asibitin Ridge duk suna kusa. A ƙauye, a nufi asibiti mafi kusa. Gubar da ke taɓa jijiya tana da makari, wata allura mai suna atirofin, kuma tana aiki sosai in an zo da wuri. Sunan da ke jikin kwalbar shi zai nuna wa likita abin da zai yi.

Wata magana mai nauyi: wani lokaci mutum da kansa yake sha saboda baƙin ciki, ko bashi, ko rigimar gida. Kada kunya ta sa a ɓoye wa likita. Sau da yawa fushin na ɗan lokaci ne, in babu guba a kusa sai ya wuce. Wannan ma dalili ne na kulle maganin gona da kwaɗo. Wanda ka ga damuwa ta yi masa yawa, ka zauna da shi, ka saurare shi, ka raka shi wurin ma'aikacin lafiya.

Abin da za ka yi ranar feshi

- Shigar da yara da mai ciki da mai asma ɗaki, ko ka tura su gidan dangi nesa da gonar.
- Rufe tagogin da ke fuskantar gona. Bayan an gama, iska ta wuce, sai a buɗe.
- Kwashe shanya. Rufe randa da duro da rijiya da tukwane.
- Mai sayar da koko ko tuwo a gefen lambu ta rufe abincinta ko ta matsa.
- Ɗaure dabbobi. Kada a yanko musu ciyawa daga gefen gonar da aka fesa.
- Kada kowa ya ratsa gonar sai aƙalla kwana ɗaya ya wuce, ko abin da takardar maganin ta ce in ya fi haka.
- Goge daɓe da tebur da jiƙaƙƙen tsumma. Shara da busasshiyar tsintsiya tayar da ƙurar take yi.
- Yara su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. A bar takalma a ƙofa.

Game da kayan lambu: cire ganyen waje na kabeji da latas ka zubar. Wanke sauran ganye ɗaya-ɗaya da ruwa mai tsabta, ana sauya ruwan. Fere karas da kokwamba. Wanki yana rage abin da ke bayan ganye, amma ba ya fitar da wanda ya shiga cikin tsiron. In ka ga farin tabo kamar alli a ganye, ko ka ji warin magani, kada ka saya. Kada kuma tsoro ya sa ka hana iyalinka ganye. Jiki yana bukatarsa. 

In kai ne mai feshin

Sayi magani a kantin da ke da lasisi, cikin kwalbarsa ta asali. Tun 1996 dokar Gana ta ce sai Hukumar Kare Muhalli, wato EPA, ta yi wa magani rajista kafin a sayar da shi. Nemi lambar rajistar a jikin takarda. Auna daidai yadda aka rubuta. Ƙara yawa ba ya ƙara amfani, kuɗinka kawai yake ci, ya sa ƙwarin su saba. Kada ka gauraya iri-iri da ka, kada ka dama da hannu, kada ka ɗanɗana, kada ka busa bakin famfo in ya toshe.

Yi feshi da sassafe ko da yamma lis, lokacin da iska ta kwanta. In tana kaɗawa wajen gidaje, bari sai gobe. Sauke bakin famfo kusa da ganye. Bar 'yan kunyoyi na gefen gidaje da rafi ba feshi. Shingen dogonyaro ko zogale ko doguwar ciyawa yana tare wani kashi na abin da iska ke ɗauka. Sa doguwar riga da wando da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci da ido. Kada ka ci goro ko ka sha taba kana aiki. Kada ka sa yaro feshi, ko mace mai ciki.

In ka gama, yi wanka ka sauya tufafi kafin ka taɓa iyalinka. Wanke kayan feshi daban, a bokiti na daban. Kwalbar da ta ƙare, ɗauraye ta sau uku, kana juye ruwan cikin famfon, sa'an nan ka huda ta domin kada wani ya ɗauka. Kada ka ƙone ta, kada ka jefa ta kwata. Tambayi malamin gona inda ake tara su. Tambaye shi kuma hanyoyin rage feshi, kamar ruwan 'ya'yan dogonyaro, da sauya shuka, da duba gona kafin a fesa maimakon fesawa duk mako.

Magana da maƙwabci

Mai lambun nan ɗan'uwanka ne, abincin 'ya'yansa yake nema. In ka je masa da faɗa ba za ka sami komai ba. Je ka da sallama, ka yi masa barka da aiki, sa'an nan ka ce, "Malam, alfarma na zo nema. Ina da ƙananan yara, ɗaya yana da asma. Don Allah duk ranar da za ka yi feshi ka aiko a gaya mini tun dare, in kwashe shanya in shigar da su ɗaki." Mutane kaɗan ne za su ƙi wannan. Ku yi musayar lambar waya. Ku roƙe shi ya kafa jan ƙyalle a sanda a bakin gonar da aka fesa, yara su san ba a shiga.

In gonar babba ce, ta kamfani ko ta ƙungiya, kada ka tafi kai kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu da mai unguwa ko Sarkin Zango da wakilinku na majalisar ƙaramar hukuma. Ku rubuta a littafi ranar da aka yi feshi, da lokacin, da inda iska ta nufa, da waɗanda suka yi rashin lafiya, ku ajiye katin asibitinsu. Da wannan littafi za ku je ofishin aikin gona na gunduma, ko wurin jami'an duba-gari, ko ofishin EPA. Ku nemi abu uku: a riƙa sanar da ku kafin feshi, a bar tazara tsakanin feshi da gidaje da makaranta da rijiya, a kuma gaya muku sunan maganin da ake fesawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Cikin hanyoyi biyar ɗin nan, wacce ce ta fi buɗewa a gidanku?
2. Akwai jarkar magani da ake zuba ruwa ko mai a cikinta a gidanku ko a kasuwarku?
3. In yaro ya sha maganin feshi, me za ka yi, me kuma ba za ka yi ba?
4. Wane asibiti ne mafi kusa da ku, kuma motar wa za ku nema in abu ya faru da dare?
5. Wa zai yi magana da masu gona a madadin unguwarku?

Kafin ka kwanta yau, duba ƙarƙashin gado da bayan ƙofa da wurin ajiyar abinci. In ka sami maganin gona, fitar da shi daga ɗaki, ka kulle shi a akwati inda hannun yaro ba zai kai ba. Gobe kuma ka je ka gai da maƙwabcinka mai lambu.